Iya zance ba shaidar niyya ba ce: darasi daga finafinan mutum-mutumi

A shekarar 1950 masanin lissafi ɗan Ingila, Alan Turing, ya kawo shawarar a auna basirar na'ura ta hanyar zance: in mai tambaya ya kasa bambanta amsarta da ta ɗan Adam, to ta ci jarrabawa. A ganina, finafinan ƙagaggen labarin kimiyya sun fi littattafan darasinmu fito da raunin wannan ma'auni.

A fim ɗin Ex Machina na Alex Garland (2014), Caleb ya san sarai cewa Ava ƙerarriya ce. Duk da haka hirar ƴan kwanaki ta sa ya amince da ita, har ya shirya mata hanyar tserewa. Da ta samu fita, sai ta tafi ta bar shi a kulle. Jimlolinta ba su saɓa wa nahawu ba. Niyyar cika abin da suka ɗauka ce babu. John Austin da John Searle sun koya mana cewa alƙawari aiki ne da ake yi da baki, kuma daga cikin sharuɗɗansa akwai niyyar gaskiya ta mai furta shi.

Fim ɗin Her na Spike Jonze (2013) ya ƙara zurfafa batun. Samantha murya ce marar jiki. Ta shaida wa Theodore cewa tana hira da wasu 8,316 a lokaci guda, kuma tana ƙaunar 641 daga cikinsu. Ba ta yi ƙarya ba, amma wakilin sunan "ka" da ke cikin "ina son ka", wanda Theodore ya ɗauka nasa ne shi kaɗai, ya tashi daga ma'anar da ya sani.

Wani zai ce ai mutane ma suna yaudara da zaƙin baki. Haka ne, sai dai mutum yana jin kunya, ana kuma iya kai ƙararsa gaban iyaye ko alƙali. Magana zarar bunu ce ga wanda ke da mutuncin da zai zube. Na'ura ba ta asarar komai idan ta saɓa.

Yau ɗalibai da yawa suna hira da manhajoji masu amsa tambaya a wayoyinsu. Saboda haka ina kira ga malamanmu da su riƙa nuna waɗannan finafinai biyu a darasin nazarin ma'ana cikin mu'amala, ɗalibai su zaƙulo kowane alƙawari da na'urar ta ɗauka, su kuma binciki wane ne zai amsa laifi idan ba a cika shi ba.