Idan Makin Bak Bai Kai Ga Likitanci Ba

A wannan fitowa za mu tattauna a kan wata damuwa da kan shigo gidajenmu na Tourou, da Zangon Parakou, da Djougou, duk lokacin da sakamakon bak ya fito. Yaro ya ci jarrabawa, an yi hamdala, an raba goro, amma da aka duba maki sai aka tarar bai kai wanda ake ɗauka a makarantar likitanci ba. Nan da nan murna ta koma jimami, uba ya ɗaure fuska, uwa ta shiga tsakani, shi kuwa yaron ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci.

Da farko ya kamata mu fahimci yadda ake zaɓen. A ƙasarmu ta Benin, manyan wuraren da gwamnati ke horar da likitoci su ne tsangayar FSS da ke Kwatano a ƙarƙashin Jami'ar Abomey-Calavi, da tsangayar likitanci ta Jami'ar Parakou, jami'ar da aka kafa a 2001. Karatun yana ɗaukar shekara 7, ɗaliban Parakou kuma suna koyon aiki a babban asibitin CHUD na Borgou da Alibori. Masu bak na kimiyya, wato C da D, su ake ɗauka, ana jera su ne bisa makinsu, musamman na lissafi, da fizik da shimi, da ilimin halittu. Kujeru kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. Saboda haka yaron da ya fita da 11 bisa 20 bai faɗi ba, kuma ba daƙiƙi ba ne. Sahu ne ya cika kafin a iso kansa. In iyaye suka riƙe wannan, rabin rigimar gida ta mutu.

Abu na biyu, a zauna da yaro a gano dalilin raunin makin, domin maganin ya dogara ne a kansa. Wani zazzaɓi ya kwantar da shi ana dab da jarrabawa. Wani kullum bayan an tashi makaranta shi ke tsaron shagon ubansa har dare. Wata ita ce ke ɗebo ruwa, ita ke girki, ita ke rainon ƙanne, sai kowa ya kwanta take buɗe littafi. Wani kuma Faransanci ne ke ba shi wuya, ya san amsa amma tambayar ce ke ruɗa shi. Akwai kuma wanda, in an bi diddigi, likitancin burin ubansa ne, shi zuciyarsa na wajen noma ko injiniyanci. Kowanne daga cikin waɗannan da hanyar da ta dace da shi.

Wanda wani uzuri ya tauye, alhali malamansa sun shaida yana da ƙoƙari, yana iya sake zama bak domin ya gyara makinsa. Kafin a yanke wannan shawara, a je ofishin jami'a a ji ƙa'idojin shekarar daga bakin masu alhaki, kada a dogara da labarin majalisa. In an yanke, to gida ya ɗauki nasa rabon: a sauke wa yaro tsaron shago, a rage wa yarinya aikin madafa, a nemi malamin da zai taimaka a darussa ukun nan. Shekara ɗaya ba asara ba ce ga mai neman karatun shekara 7, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Akwai kuma kujerun da iyaye ke biyan kuɗinsu, ban da na masu tallafin gwamnati. Sai dai su ma ana duba maki, kuma wajibi ne uba ya yi lissafin shekarun duka kafin ya ɗauki nauyin. Yaron da aka janye a aji uku saboda kuɗi sun ƙare ya fi wanda bai fara ba shiga uku.

Hanya ta gaba ita ce sauran fannonin lafiya, waɗanda muke raina su bisa kuskure. A nan Parakou akwai IFSIO mai horar da ma'aikatan jinya da ungozomomi, da ENATSE mai koyar da kiwon lafiyar al'umma da sa ido kan annoba. A kudu akwai INMeS a Kwatano, da EPAC inda ake koyon gwajin jini da ɗaukar hoton cikin jiki. Su ma ana takara a kansu, amma karatunsu ya fi gajarta. Duk wanda ya taɓa kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ko a Parakou ko a asibitin Ordre de Malte na Djougou, ya san hannun ungozoma ne ke fara taɓa ta. Mu da muke yawan fatan mace ta duba matanmu, ina za a samu macen in ba mu tura 'ya'yanmu mata ba? Sai dai gaskiya ɗaya: kada a shiga jinya da zaton tsani ne da zai kai mutum likitanci kai tsaye. Sana'a ce mai cin gashin kanta, a shige ta da niyyar riƙe ta.

Wasu matasa da suka riga suka yi digirin farko da maki mai rauni kan karanta a intanet cewa ana iya ƙarin darussa a goge baya, a shiga likitanci. Yawancin waɗannan shawarwari na Amurka ne, inda sai an gama digirin farko ake neman likitanci, a kuma zauna jarrabawar MCAT. Tsarinmu daban ne, daga bak ake shiga. Abin da ya yi kama da wancan a kusa da mu shi ne na Nijeriya, inda hukumar JAMB ke da ƙofar shiga aji biyu ga masu digiri a fannonin kimiyya da suka danganci lafiya. Amma jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato suna da nasu cunkoson, digiri mai daraja suke nema, karatun kuma da Ingilishi ne. Mai son karatu da Faransanci yana iya bincikar Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi.

A nan ne dillalai ke farautar iyayen da hankalinsu ya tashi. Mutum zai zo da takardu masu sheƙi, ya ce in an biya kaza zai samo kujera a waje, ba ruwan kowa da maki. Mu tuna abin da ya faru a ƙarshen 2023, lokacin da ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida. A watan Janairu na 2024 Nijeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, har masu na halal suka sha wuya. Mu tuna kuma da ɗaliban likitancin da yaƙi ya koro daga Yukiren a 2022 da Sudan a 2023, karatu a tsakiya. Kafin a sayar da fili ko shanu, a tabbatar hukumomin ilimi na ƙasarmu da ƙungiyar likitoci ta ƙasa za su amince da takardar makarantar, a duba ko CAMES ta san da ita. Takardar da ba za a yi aiki da ita ba, tsadarta ta fi ta kowace.

Daga ƙarshe, iyaye, mu dubi ƙannen da ke tafe. Ƙofar likitanci tun bayan BEPC ake fara buɗe ta ko rufe ta, ranar da yaro ya zaɓi sashen da zai bi a lise. Mu riƙa duba takardar makinsu kowane zango, mu san malaminsu na lissafi da fuska. Shi kuwa wanda makinsa bai kai ba, kada a kwatanta shi da ɗan maƙwabci a gaban baƙi. A kira shi, a ji ta bakinsa, a yi shawara da wani likita ko malami da aka amince da shi, sannan a zaɓi hanya ɗaya a tsaya a kanta.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya zaɓa musu abin da ya fi alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.