Idan Mai Gadi Ya Suma, Wa Zai Buɗe Mana Ƙofa?



Ranar da muka je yin rajistar JAMB a wata cibiya a nan cikin Birnin Kebbi, mun isa tun kafin ƙarfe takwas, ba mu bar wurin ba sai bayan la'asar. Muna zaune ƙarƙashin dogon yaro, duk wanda ya leƙa ciki ya fito sai ya ce, "Netwok ne babu." Wata abokiyar karatunmu da ta taso daga Argungu da sassafe ta koma gida ba a yi mata komai ba, kuɗin motar ya tafi a banza, washegari kuma sai da ta sake biya. Ba wanda ya yi faɗa, ba wanda ya tambayi dalili. Mun saba ɗaukar "netwok babu" kamar yadda muke ɗaukar hazo a lokacin hunturu, abu ne da yake zuwa da kansa ya tafi da kansa.

Ba ina cewa hari aka kai wa wannan cibiya ba. Amma wunin nan ne ya sa na tsare Malaminmu na kwamfuta da tambaya, shi kuma ya ba ni abin karantawa. Abin da na fahimta shi ne, ɗaukewar aiki irin wannan sau da yawa tana da mai ita. Wani lokaci mugu ne ya jawo ta da gangan, wani lokaci kuma wanda aka ba amanar na'ura ne bai yi aikinsa ba. Mafi muni shi ne idan biyun suka haɗu, kuma a kan wannan nake son yin magana.

Kowace ma'aikata mai kwamfutoci da yawa, ko banki ko jami'a ko hukumar jarrabawa, tana ajiye wata na'ura tsakaninta da intanet. Masana suna kiranta fayawol, ni kuwa zan kira ta mai gadi, domin aikinsu ɗaya da Baba mai gadin ƙofar makarantarmu. Duk saƙon da zai shiga ko zai fita sai ya bi ta gabanta, ta duba daga ina yake, ina za shi, an yarda da irinsa ko ba a yarda ba. Wanda ya cika ƙa'ida ya wuce, wanda bai cika ba a mayar da shi.

To amma wannan mai gadin manhaja ce ke tafiyar da shi, manhaja kuwa mutane ne suka rubuta ta, kuma ɗan Adam ajizi ne. A cikin dubban layukan da suka rubuta ana samun kuskure. Idan mai kutse ya gano kuskuren, ba ya buƙatar ya haura katanga. Saƙo zai ƙera na musamman, gurguntacce da gangan, ya miƙa wa mai gadi. Mai gadi na buɗewa sai kansa ya ɗaure, ya faɗi sumamme, sai na'urar ta kashe kanta ta sake tashi. Yawancin irin waɗannan na'urori an yi su ne yadda idan sun faɗi ƙofa za ta kasance a rufe, gara a rufe da a bar ta a hangame. Saboda haka a 'yan mintocin nan ba shiga ba fita. Tana farfaɗowa a sake miƙa mata saƙon. Ba a saci ko tsinke ba, amma mai jiran sakamako bai gani ba, mai tura kuɗi bai tura ba. Shi ake kira harin hana aiki.

Akwai wani nau'insa da ya fi suna, wanda ake yi da taron dangi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi ya ga yadda dubban masunta suke rugawa cikin ruwa lokaci guda da homa da gora. To a ce duk su ne aka turo su shiga ta ƙofar ajinmu. Ko mai gadi lafiyarsa lau, ba wanda zai wuce. Wannan nau'in yana buƙatar dubban na'urori su yi ta aika saƙo tare. Wancan na farko kuwa mutum ɗaya da kwamfuta ɗaya ya isa, muddin ya san inda ɓarakar take.

Kada wani ya ce tatsuniya ce. A ranar 5 ga Maris 2019 abin ya faru da wani kamfanin wutar lantarki mai suna sPower a jihar Yuta ta Amurka, wanda a lokacin yake samar da wuta daga iska da hasken rana. Wasu sun yi amfani da ɓaraka a na'urorin tsaronsa, ƙirar Cisco, suka sa su yi ta mutuwa suna tashi na tsawon awanni. Kowace faɗuwa ba ta kai minti biyar ba, kuma wuta ba ta ɗauke ba, amma a cikin waɗannan mintoci ɗakin da ake sa ido kan tashoshin ya makance, ba ya ganin abin da ke gudana. Da aka bincika sai aka tarar kamfanin da ya ƙera na'urar ya riga ya fitar da faci tun kafin harin. Ba a dai saka shi ba ne.

Faci na ce, domin kusan daidai yake da na taya. Idan aka gano ɓaraka, kamfani yakan rubuta ɗan gyara ya sanar da duniya cewa kowa ya sauke ya saka. A nan gizo ke saƙa. Sanarwar da masu na'ura za su karanta, ita ce masu kutse ma suke karantawa, kuma sun fi saurin karatu. Daga ranar da aka fitar da faci, duk wanda bai saka ba tamkar wanda aka yi shela a kasuwa ne cewa kwaɗon shagonsa ya lalace, shi kuma yana gida yana barci. A ƙarshen Disamban 2024 kamfanin Palo Alto Networks, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera waɗannan na'urori, ya sanar da irin wannan ɓaraka a manhajarsa: saƙo gurguntacce yana sa na'urar ta sake tashi, idan aka maimaita sai ta tsaya cak tana jiran a zo a gyara ta. Kuma ya ce an riga an taɓa wasu masu amfani da ita.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na ƙasar Denmak ne. A watan Mayun 2023 an kutsa cikin kamfanonin makamashi 22 ta na'urorin tsaro ƙirar Zyxel, alhali facin ya fito tun watan Afrilu, kuma cibiyar da ke sa musu ido ta gargaɗe su. Da aka bi ba'asi, wasu sun zaci tunda na'urar sabuwa ce ai komai nata sabo ne. Wasu sun zaci aikin wanda ya sayar musu ne. Wasu sun ƙi saboda sai sun biya mai sakawa. Wasu kuwa ba su ma san suna da na'urar ba. Da na karanta wannan sai na yi dariya ni kaɗai, don babu uzuri ɗaya a ciki da ban taɓa jin irinsa a garin nan ba.

Na san abin da wasu za su ce, don wani ɗan ajinmu ya riga ya faɗa mini: mu a Kebbi me muke da shi da wani zai ɓata lokacinsa a kanmu? Amsa ta farko, mai kutse ba ya zama ya zaɓi gari. Manhaja yake saki ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofofin intanet dare da rana, duk inda ta ji sako-sako ta tura. Ba ta san Legas ba, ba ta san Gwandu ba. Amsa ta biyu kuwa tana nan a bayan garinmu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da ke tafiya Yamai ta layin da ya tashi daga nan Birnin Kebbi. A farkon Agusta wata ƙungiya mai kiran kanta Anonymous Sudan ta yi iƙirarin kai wa MTN hari, ta kuma ce matakin Najeriya a kan Nijar ne dalilinta. A daidai lokacin hukumar NITDA ta fitar da gargaɗi ga ma'aikatu da kamfanoni. Watanni kaɗan kafin nan, ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Farfesa Isa Ali Pantami ta ce an ƙidaya hare-hare kusan miliyan 13 a kan shafukan ƙasar nan a kwanakin zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2023. Idan aka durƙusar da layin waya ko banki, mai POS na babbar kasuwa da manomin shinkafar da ke jiran kuɗinsa a fadamar Argungu su ne za su ji a jikinsu, ko da na'urar da aka kayar tana Abuja.

Mu ɗalibai kuma muna da namu misalin, ba mai kutse a ciki, sakaci kaɗai ya wadatar. A jarrabawar JAMB ta 2025, ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas sun ga sakamakon da ba nasu ba ne. A ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi gafara har da hawaye, ya bayyana cewa an yi wani gyara a manhaja amma ma'aikatan wani kamfani da ke yi musu aiki ba su saka shi a wasu daga cikin manyan kwamfutocin jarrabawar ba. Sai da aka sake wa yaran jarrabawa. Na yaba masa da ya faɗi gaskiya a bainar jama'a, ba kowane babba ke iyawa ba. Amma a duba girman abin da rashin saka gyara ɗaya ya jawo. Ga shi WAEC ma ta kama hanyar jarrabawa da kwamfuta.

Ra'ayina shi ne mun iya saye, ba mu iya riƙo ba. Idan za a buɗe ɗakin kwamfuta za a kafa rumfa, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Shekara biyu bayan nan ka tambayi wa ke sabunta manhajar, kowa ya kalli ɗan uwansa. Alhali duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san katanga ba ta gama ginuwa, kowace shekara kafin damina sai an kwaɓa ƙasa an yi mata yaɓe, in ba haka ba ruwan Agusta ya yi magana da ita. Kuɗin sayen na'ura ana ganinsa a takarda. Kuɗin kula da ita, wato data da lasisi da ɗan alawus na wanda zai riƙa dubawa, shi ake fara yankewa saboda ba a ɗaukarsa hoto.

Gaskiya ne abin ba sauƙi. Data na da tsada, wuta ba ta tsayawa, kuma wani lokaci sabon gyara yakan zo da tasa matsalar, shi ya sa masana ke gwada shi a gefe kafin su saka ko'ina. Ni kaina wayata ta yi wata guda tana roƙona in sabunta ta ina danna "sai an jima". Amma na daina tun da na ji labarin Mirai. Wata muguwar manhaja ce da ta ɓulla a 2016, ba ta da wata dabara sai gwada kalmomin sirri kusan 60 da na'urori ke zuwa da su daga kamfani. Da haka ta kama dubban kyamarori da na'urorin rarraba intanet na gidajen mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, ta mai da su rundunar kai hari. A ƙarshen shekarar wani Bature ɗan Ingila, Daniel Kaye, ya yi amfani da irinta ya durƙusar da kamfanin waya na Lonestar a Laberiya, kuma a Janairun 2019 kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32. Wato na'urar da ka ƙi kulawa da ita ba kai kaɗai take cuta ba, ana iya ara ta a doki wani da ita.

Ga 'yan uwana maza da ke ganin mai kutse a matsayin gwarzo, har wasu na sa hoton mai rufe fuska a WhatsApp: a Oktoban 2024 Amurka ta tuhumi wasu 'yan uwa biyu 'yan Sudan da tafiyar da Anonymous Sudan ɗin nan. Cikin abin da aka lissafa akwai harin da ya sa wani asibiti a Los Anjalas ya yi ta juya marasa lafiya na gaggawa zuwa wasu asibitoci har kusan awa takwas. A nan gida ma akwai dokar laifukan intanet ta 2015, kuma hana na'urar wani aiki da gangan laifi ne a cikinta. Wanda yake da kan gane ɓaraka, ai masu toshe ta ake nema ruwa a jallo, kuma ana koyar da kwamfuta a Jami'ar Tarayya da ke nan da kwalejin Waziri Umaru.

Muna roƙon Malam shugaban makaranta, cikin ladabi, a naɗa mutum ɗaya da sunansa wanda alhakin sabunta kwamfutocin ɗakinmu ke wuyansa, a sa masa rana a kowane wata, a kuma ware masa kuɗin data daga abin da ƙungiyar iyaye da malamai ke tarawa. Na'urar intanet ɗin da ke saman kabad, kalmar sirrinta har yau ita ce wadda ke manne a bayanta, rabin 'yan SS 3 sun haddace ta. Ranar Litinin bayan taron safe wakilanmu biyu za su je ofis su tambayi yaushe aka sabunta ta na ƙarshe, kuma duk amsar da aka ba mu za mu lika ta a nan ƙarƙashin wannan takarda.

Daga wata 'yar SS 3, Ƙungiyar 'Yan Jarida