Wa ke rubuta abin da ake gani a samaniyar Arewa? Darasi daga binciken UFO

Da sanyin safiyar 9 ga Nuwamba, 2018, wata matuƙiyar jirgin British Airways da ya taso daga Montreal zuwa Landan ta kira hasumiyar Shannon a ƙasar Ailan, tana tambaya ko sojoji na atisaye a yankin. Ta ce wani haske mai ƙarfi ya bi ta gefen jirginta, sannan ya karkata arewa da matsanancin gudu. Hasumiya ta ce babu atisaye, kuma rada ba ta nuna komai ba. Wani matuƙin ya shigo layi ya ce shi ma ya gani. Hukumar sufurin jiragen saman ƙasar ta buɗe bincike, masana taurari kuma suka ce mafi kusa shi ne dutsen sama ne ya ƙone yana ratsa iska.

Abin lura a nan shi ne tsarin da labarin ya bi: an gani, an faɗa, an rubuta, an bincika, jama'a sun ji. Manomin Sandamu da ya ga haske ko ya ji rugugi da tsakar dare ba shi da wannan gata, alhali amsar tambayarsa na iya shafar rayuwarsa fiye da yadda ta shafi fasinjan Landan.

Abin da masu bincike suka tarar

UFO dai na nufin duk abin da aka gani yana shawagi ba a tantance shi ba. Fina-finai ne suka liƙa masa halittun wata duniya. Rundunar sojin saman Amurka ta tattara rahotanni 12,618 kafin ta rufe shirinta na Project Blue Book a 1969, kuma 701 kaɗai suka rage babu bayani. Sauran sun kasance jirage ne, ko balan-balan, ko taurari, ko gajimare.

Shaidar matuƙan jiragen haya ta fi nauyi, domin su ne suka fi kowa sanin sama, kuma su ne suka fi kowa tsoron faɗa. A Nuwamba 1986, Kyaftin Kenju Terauchi na Japan Airlines ya ba da rahoton fitilu da suka yi ta bin jirginsa na kaya a saman Alaska. Hukumar jiragen saman Amurka ta bincika, amma shi kamfaninsa ya mayar da shi aikin ofis na wani lokaci bayan ya yi magana da 'yan jarida. Abokan aikinsa sun ɗauki darasi: shiru ya fi lafiya.

Amurka ta koma kan batun ne bisa dalilin tsaro. Rahoton ofishin daraktan leƙen asirin ƙasar na 25 ga Yuni, 2021 ya duba abubuwa 144, ya iya bayyana guda ɗaya tak, ya kuma ambaci sau 11 da matuƙa suka ce sun kusa karo da abin da ba su sani ba. A 2022 ma'aikatar tsaro ta kafa ofishin AARO, wanda ya bayyana a Maris 2024 cewa bai samu hujjar fasahar wata duniya ba. A tsakanin haka, cikin Fabrairu 2023, aka harbo wani ƙaton balan-balan na ƙasar Sin bayan ya ratsa Amurka. Faransa kuwa tun 1977 take da sashe na musamman a hukumar sararin samaniyarta, kuma tun 2007 take saka fayilolinsa a intanet kowa ya karanta.

Sakamakon shekarun nan a taƙaice: yawancin abin da ba a tantance ba na ɗan'adam ne ko na yanayi, kuma ƙasar da ba ta lissafa shi ba ta san wanda ke shiga samaniyarta ba.

Samaniyar da ta cika da baƙi

Sandamu na cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tare da Daura, Mai'adua, Zango da Baure, tafiya kaɗan daga iyakar Nijar. Samanta na ƙarƙashin kulawar cibiyar Kano, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyi biyu da hukumar NAMA ke sarrafa zirga-zirgar jirage daga cikinsu. Jiragen haya masu ratsa Sahara, da jiragen yaƙi, da jirage marasa matuƙi duk suna amfani da samaniyar wannan shiyya. Tun Janairu 2023 da Starlink ya fara aiki a Najeriya mutane da dama suka san sunansa, amma kaɗan ne suka san cewa jerin fitilun da kan bi juna a layi bayan magariba taurarin ɗan'adam ne na kamfanin.

Abin da ya fi tayar da hankali a Arewa maso Yamma shi ne jirgi mai saukar ungulu. Shekaru ana jin mutanen ƙauyukan Zamfara, Katsina da Neja suna cewa sukan ga jirage na sauka a dazuzzukan 'yan bindiga. A ranar 2 ga Maris, 2021, kwanaki kaɗan bayan sace ɗaliban Jangebe, kuma ƙasa da wata uku bayan na Ƙanƙara, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Babagana Monguno, ya sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya haramta shawagin jirage a Zamfara, ya kuma hana haƙar ma'adinai. Ba a rufe samaniyar jiha guda a banza. Amma sanarwar ba ta ambaci jirgi ko ɗaya ba, ballantana mai shi ko inda yake tasowa. Jita-jita ta cike gurbin, kowa ya ɗora zargin kan wanda ya tsana.

Rashin tantancewa kuma kan faru daga sama zuwa ƙasa. A daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi maras matuƙi na sojin ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi a Kaduna; hukumar NEMA ta ce mutum 85 aka binne. Da farko rundunar sojin sama ce ta fito ta ce ba ita ba ce, kafin sojin ƙasa su amsa. A Mayu 2024 hedikwatar tsaro ta ce jami'ai biyu za su gurfana a kotun soja, sai dai ba a miƙa wa jama'a cikakken rahoton ba. A daren 25 ga Disamba, 2025 kuma, mutanen Jabo a ƙaramar hukumar Tambuwal sun ga wuta ta faɗo a gonakinsu. Daga bakin shugaban Amurka Donald Trump duniya ta fara jin an kai hari a Sokoto. Bayanin Abuja cewa tarkacen makamai ne suka faɗa garin ya biyo baya.

Darasin dutsen Zagami

Katsina ta taɓa ganin amfanin ɗaukar maganar manomi da muhimmanci. A ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo daga sama kusa da wani manomi da ke korar hankaki a gonarsa a Zagami, yankin Faskari. Labari ya isa ga hukuma, aka kai dutsen ma'aikatar binciken ma'adinai a Kaduna. Daga baya kimiyya ta tabbatar daga duniyar Mars ya fito, kuma har yau da sunan ƙauyen ake kiransa a ɗakunan bincike na duniya.

Nijar ta ga abin da rashin lissafi ke jawowa. Wani dutsen Mars mai kusan kilo 25 da aka tsinta a yankin Agadez a Nuwamba 2023 ya ɓullo a kasuwar gwanjon Sotheby's a New York a Yuli 2025, aka sayar da shi sama da dala miliyan 5. Sai a lokacin gwamnatin Yamai ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar.

Abin da ya rage a yi

Hukumomi dai akwai su. NCAA ke sa ido kan kamfanonin jirage da lasisin jirage marasa matuƙi, NAMA ke riƙe da radar da aka ƙaddamar a 2010 da alƙawarin za ta game ƙasar baki ɗaya, NSIB ke binciken haɗurra, NASRDA kuma ke kula da harkar sararin samaniya. Kowacce na riƙe da guntun amsa. Abin da ake buƙata shi ne teburi guda da guntayen za su haɗu, da ƙa'idar da za ta kare matuƙin da ya ba da rahoto daga rasa aikinsa, da rahoton shekara-shekara da zai ce: kaza aka gani, kaza aka gano, kaza ya rage.

A ƙasa ma akwai hanya tun fil azal. Mai unguwa kan kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai fada. Idan wannan sarƙa na iya isar da labarin baƙon da ya sauka a gari, za ta iya isar da ranar da aka ji rugugi, da sa'a, da fuskar da ya nufa. Rahoto goma daga Sandamu, Zango da Baure a dare guda hujja ce da za a iya gwadawa da bayanan rada a Kano.

Masu cewa tsaro ya hana bayani suna da hujja a kan atisayen da ke gudana. Hujjar ba ta kai ga abin da ya wuce shekaru ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa NAMA ko NCAA ya nemi adadin jiragen da suka keta haramcin Zamfara, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa ko ta faɗi dalilin ƙin amsawa. 'Yan majalisar da ke wakiltar Katsina na da ikon kiran shugabannin hukumomin su yi wannan bayani a zauren kwamiti. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wannan yanki masu kwana a ƙarƙashin samaniyar ne ke biyan kuɗinsa.