Dala tana da rumfa a kasuwar Nguru

Duk wanda ya ce karatun kasuwannin kuɗi na duniya aikin ’yan Legas ne, ya zo Nguru ranar kasuwa. Dillalin shanun da ke ciniki da baƙi daga Nijar sefa yake lissafawa, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane yuro ɗaya. Ashe abin da babban bankin Turai ya yanke a Frankfurt yana taɓa kuɗin bijimin da aka koro daga Maine-Soroa.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira. Dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Riɗi da ƙaro suka yi daraja a naira, balle ƙaro da yaƙin Sudan ya rikita kasuwarsa. Wa ya kwashe ribar? A ganina mai fitar da kaya ne, wanda ya san kwantiragin saye tun kafin kaka, ya san yadda ake kare kai daga faɗuwar canji. Manominmu ya sayar a bakin gona.

Tun 1930 jirgin ƙasa ya haɗa Nguru da kasuwar duniya, amma lissafin yana hannun wasu. Jami’ar Tarayya ta Gashuwa, da aka kafa a 2013, ya kamata ta mai da fannin kasuwannin kuɗi na duniya digiri na biyu, a tura ɗalibai wurin ’yan canji da dillalan riɗi su yi bincikensu, kafin a kai su ga Landan.