Don me gwanin lise yake kasawa a jami'a?

Yara, kun san ƙwallon kwando, wanda waɗansu ke kira basket. Ƙungiya biyu ne, kowace da mutum biyar a fili, kowa na neman jefa ƙwallo cikin kwandon abokan karawa. Kwandon yana rataye, tsakaninsa da ƙasa metir 3,05. Wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ne ya ƙago wasan a shekarar 1891, a garin Springfield na ƙasar Amurka. A can, wasan nan ya shiga jinin ƴan makaranta. Kusan kowace lise tana da ƙungiyarta, manyan jami'o'i kuma suna bin gari gari suna neman gwanayen lise. Wanda suka zaɓa, su ɗauke masa kuɗin karatu, da abinci, da wurin kwana, shi kuwa ya yi musu wasa.

To, ga abin da ke ba mutane mamaki. Sau da yawa yaron da babu kamarsa a lise yana isa babbar jami'a sai a daina jin sunansa. Sai ka ji ana cewa ya yi lalaci, ko girman kai ya kama shi. Ni ban yarda da wannan magana duka ba. A ganina, yawancin laifin na manya ne, waɗanda suka yi ta yabon yaron ba su koya masa ba.

Mu fara da lissafi. A Amurka, samari fiye da dubu 500 ne ke wasan nan a ƙungiyoyin lise kowace shekara. Manyan jami'o'in da ke rukunin farko ba su kai 400 ba, kowace kuma ƴan wasanta ba su wuce goma sha wani abu. In an raba, cikin yara 100 kusan ɗaya ne ke samun wuri. Ashe duk wanda ka gani a benci yana jiran a kira shi, shi ma sarki ne a garinsu. Kamar kokowa ne: mai kada samarin ƙauyensu duka, ranar da ya shiga fagen neman takobin ƙasa, zai tarar kowa haka yake a gida. Gaba da gabanta.

Filin ma ba ɗaya ba ne. Na lise yakan yi metir 25 da ɗoriya, na jami'a ya wuce metir 28. Wasan lise minti 32 ne, na samarin jami'a minti 40. Layin da ake jifa daga bayansa a sami maki uku yana wajen metir 6 daga kwando a lise. A jami'a, tun 2019, an mai da shi metir 6,75. Akwai kuma agogo da ke ba ƙungiya sakan 30 kawai ta yi jifa, alhali a jihohi da dama ƴan lise sun girma ba su san wannan agogo ba. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne, amma in suka taru a kan yaro ɗan shekara 18 sun yi nauyi.

Babban abin dai yana cikin jikin yaron. Ku dubi ajinku: shekarunku kusan ɗaya, amma wani ya fi wani da kai guda. Haka yake a can. Yaron da ya yi saurin girma, tun yana ɗan shekara 13 ya fi kowa tsawo da ƙarfi. Mai horo yana son ƙungiyarsa ta ci wasa ranar Juma'a, iyaye da mutanen gari su yi murna. Me zai yi? Sai ya ce da sauran: «Ku ba dogon.» Dogon ya tsaya ƙarƙashin kwando, ya miƙa hannu, ya zuba. Shekara huɗu yana haka. Bai koyi tafiya da ƙwallo da hannun hagu ba, don ba wanda ya taɓa tare masa dama. Bai koyi jifa daga nesa ba, don kullum yana kusa. Bai koyi tsaron abokin karawa da ƙafa ba, tsawon hannunsa ya ishe shi. Mafi muni, bai san abin da zai yi ba in ƙwallo ba ta hannunsa.

A jami'a kuwa, ga waɗanda suka fi shi tsawo, masu shekara 22, sun daɗe suna ɗaga ƙarfe. Masu horon ɗaya ƙungiyar sun zauna sun kalli hotunan wasansa tun kafin ranar. Sun gane ba ya son hagu, sai su tura shi hagu daga farko har ƙarshe. Mutum biyar ne a fili, ƙwallo ɗaya ce, saboda haka yawancin lokaci ɗan wasa gudu yake yi hannu wofi, yana buɗa wa wani hanya. Wanda ya saba komai ta kansa yake bi, sai ya tsaya yana jira, mai horo ya fitar da shi. Yaron da bai taɓa zama a benci ba, ran da ya zauna, zuciyarsa takan karye, ga shi nesa da gida, babu uwa babu ƙane.

Yabo ma kaya ne. Akwai wani saurayi, Felipe López, ɗan Jamhuriyar Dominika da iyayensa suka koma birnin Niyok. A 1994, kafin ya buga ko wasa ɗaya a jami'ar St. John's, mujallar Sports Illustrated ta sa hotonsa a bangonta, mutane na kwatanta shi da Michael Jordan. Ya yi shekara huɗu a jami'ar, ya ci maki da yawa, amma sau ɗaya tak ƙungiyarsa ta shiga babbar gasar ƙarshen shekara. Daga baya har ya yi wasa a NBA, babbar gasar ƙwararru. Duk da haka aka riƙa cewa ya kasa. Ni ina ganin bai kasa ba. Manya ne suka ɗinka masa rigar da ta fi shi, sa'an nan suka yi masa dariya.

Wani zai ce, ai akwai malalata na gaske, akwai kuma waɗanda ciwo ya tsayar. Gaskiya ne. Fim ɗin Hoop Dreams na 1994 ya bi samari biyu na birnin Shikago shekara da shekaru. Ɗayansu, William Gates, ya ji ciwo a gwiwa tun yana lise, ya kuma sha wuya kafin ya ci jarrabawar shiga jami'a. Wannan batu na jarrabawa ku riƙe shi: ɗan wasan da sakamakon karatunsa ya faɗi ƙasa da abin da doka ta yanka, ba a barinsa ya shiga fili, komai gwanintarsa. To, wa ya bar shi yana wuce aji ba ya iya darasi? Nan ma mun komo kan manya.

Ku dubi wanda ya bi wata hanya. Hakeem Olajuwon ɗan Legas ne, a Nijeriya. Yana yaro mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma ƙwallon hannu. Sai da ya kai shekara 15 ya fara ƙwallon kwando. Ya isa jami'ar Houston a 1980, ba mujallar da ta san shi. Shekarar farko bai buga wasan gasa ba, ta biyu daga benci yake shiga. Da hutu ya zo, sai ya riƙa zuwa wani ɗakin wasa na garin yana karawa da Moses Malone, ƙaton ƙwararre wanda ya fi shi ƙarfi da dabara. Kullum yana shan turi da gwiwar hannu, kullum yana komawa. Tsaron gida ya riga ya koya wa ƙafafunsa sauri, Malone ya koya masa sauran. A 1983 da 1984 ƙungiyarsa ta kai wasan ƙarshe na jami'o'in Amurka, ko da yake ba ta ci kofin ba. A 1984 shi aka fara zaɓa zuwa NBA. Michael Jordan, wanda shi ma aka taɓa barinsa a ƙungiya ta biyu a lise ɗinsu, shi ne na uku.