“Matsakaicin” wa ake nufi?

Duk lokacin da na ji wani jami'i a rediyo yana cewa “matsakaicin abin da ɗan kasuwa ke samu”, tambayar da ke zuwa min ita ce, wane matsakaicin? Domin iri biyu ne, amma a Hausa suna ɗaya muke kiransu.

Mu ɗauki misali da kasuwar albasa ta Kwadaso a nan Kumasi, inda manyan motoci ke sauke kaya daga Nijar. A ce mutum biyar ne: 'yan dako biyu masu samun sidi 50 da 60 a rana, mata masu kasa albasa biyu masu samun 80 da 110, sai babban dillali mai 2,000. In ka tara ka raba biyar, kowa ya tashi da sidi 460. Wannan shi ne lissafin raba-daidai. Amma fa huɗu daga cikinsu ko a mafarki ba su ga 460 ba.

Yanzu jera su daga ƙarami zuwa babba, ka duba wanda ya faɗo tsakiya: sidi 80. Wannan shi ne lissafin ɗan tsakiya. Gobe in cinikin dillali ya ninka zuwa 4,000, raba-daidai zai haura zuwa 860, a ce ai kasuwa ta yi kyau, alhali ɗan tsakiya yana nan a 80.

Ba wai raba-daidai ƙarya ba ne. Yana da amfani in ana son sanin yawan kuɗin da ke yawo a kasuwa. Haka ake raba arzikin Gana a kan al'ummarta, waɗanda ƙidayar 2021 ta ce miliyan 30.8 ne. Sai dai ba ya faɗa maka abin da ke aljihun talaka.

Abin da ya sa na damu shi ne, kowace shekara majalisun ƙananan hukumomi na yanke kuɗin tikiti da na rumfa. In aka auna da 460, mai 80 ce za ta sha wuya.

Don haka shugabannin 'yan albasa da sarakunan Zango, in an kira ku zama aka karanto muku alkaluma, don Allah ku ce a kawo na ɗan tsakiya ma, kafin ku sa hannu.