Malamin Unguwa da Raunin da Ba Ya Zubar da Jini

Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, mutane sama da miliyan biyu sun rasa matsuguninsu a Arewa maso Gabas. Kafin a gama share hawayen wannan, 'yan bindiga suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato. Wanda harsashi ya sama ana ganin rauninsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. To matar da aka kashe mata miji a gaban idonta fa? Shekara uku ba ta yi barcin kirki ba, ƙarar babur kaɗai sai ta sa jikinta ya ɗauki rawa, ga faɗa da yara ba gaira ba dalili. Ina za ta nufa?

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Manyan asibitocin tarayya na wannan fanni a yankinmu, irin na Maiduguri da Kware da Barnawa a Kaduna, sun yi wa mutumin ƙauye nisa, ga kuɗin mota, ga tsoron a ce ya haukace. A farkon 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma abin a yaba ne, sai dai doka ba ta haifar da likita a dare ɗaya. Saboda haka wannan baiwar Allah wurin malamin unguwa za ta, domin shi ta sani, shi ta yarda da shi, kuma ƙofarsa a buɗe take.

Ni a ganina nan ya kamata a fara aiki, tunda can jama'a suke zuwa. Amma sai mun gaya wa juna gaskiya. Sau da yawa abin da take samu shi ne, "Malama, yi haƙuri, ƙaddara ce," a yi mata tofi, a ba ta rubutu ta sha. Addu'a alheri ce, haƙuri kuma ibada. Matsalar ita ce idan aka gaggauta faɗin haka kafin a saurare ta, sai ta ɗauka kukanta rauni ne na imani, ta haɗiye abin ya ci gaba da cin ta. Wani kuma da ya ga firgita sai ya ce aljanu ne. Mun ga inda wannan hanya kan kai: a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane kusan 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can neman sauƙi suke, ba su da wani wurin zuwa ne.

Somaliyawa, da suka sha yaƙi tun kafin mu, sun gwada wata hanya. Masana halayyar ɗan Adam, Lori Zoellner da Norah Feeny, sun haɗa kai da 'yan gudun hijirar Somaliya a birnin Seattle na Amurka suka tsara zama shida a masallaci, maza daban mata daban. Masu jagoranci mutanen unguwa ne da aka ba horo na ɗan lokaci. A kowane zama ana tattauna ƙissar wani annabi da aka jarraba, kamar Ayuba da Yusuf, sannan kowa ya keɓe ya kai wa Allah kukansa, ya ambaci abin da ya same shi dalla-dalla. Ba a tilasta wa kowa tona sirrinsa a gaban jama'a, kuma wannan ya dace da kunyarmu ƙwarai, musamman ga matan da aka yi wa fyaɗe. An gwada shirin har a Somaliland, aka ga firgici da damuwar mahalarta sun ragu. Dabarar likitoci ce ta fuskantar mummunan tunani maimakon guje masa, aka sa ta cikin abin da Musulmi ya riga ya saba da shi.

Addininmu bai taɓa ɗaukar baƙin ciki a matsayin laifi ba. Annabi Yaƙubu ya yi kukan ɗansa har ganinsa ya tafi, kuma shekarar da Manzon Allah (SAW) ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib, Shekarar Baƙin Ciki ake kiran ta. Malamin da ya san waɗannan yana da rabin kayan aiki. Sauran rabin shi ne a koya masa sauraro, da riƙe amana, da gane iyakarsa: wanda ke zancen kashe kansa, ko yake jin muryoyi, ko ƙwaya ta kama shi, asibiti za a kai shi ba ɓata lokaci, addu'a ta bi shi can.

Gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta nuna a Borno cewa ana iya kai masu ba da shawara har cikin unguwanni. Abin da nake so in gani shi ne Jama'atu Nasril Islam da Izala da Ɗariƙu da FOMWAN su zauna da likitocin Maiduguri da Kware, su fitar da tsari irin wannan da Hausa da Kanuri da Fulatanci. A fara horar da malamai mata na Islamiyya, domin mafi yawan waɗanda suka rage a sansanonin gudun hijira mata ne da yara, kuma akwai maganar da mace ba za ta taɓa gaya wa liman ba.